Peugeot 504 wagon ɗin Baba ta shekara goma a ajiye: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar Peugeot 504 wagon ƙirar Kaduna, ta ƙarshen shekarun 1980. Ta kai shekara goma a ajiye a ƙarƙashin darbejiya a gidanmu na Zariya. Ina so in tashe ta a hankali don sha'awa, ba don haya ba. Abokai sun ce in cire injinta in sa na Toyota, in sa mata AC da manyan rim, in yi mata sabon fenti. Ta ina ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Motar za ta tashi in Allah ya yarda, domin babu wani abu a jikin 504 da ya fi ƙarfin bakaniken da ya san ta. Sai dai jerin da abokanka suka ba ka a juye yake. Fenti shi ne na ƙarshe, AC na dab da shi, injin kuwa shawarata ka bar mata nata. Inda za ka fara yana ƙarƙashin motar, wurin da mai wucewa ba ya gani, kuma can ne mafi yawan kuɗinka na farko zai tafi.

Kafin sifana ta taɓa ta, ka gama da maganar gida. Dukiyar gado ce, ko da kowa ya manta da ita a gindin bishiya. Yau ba wanda zai yi jayayya a kanta, amma ranar da ta fito tana sheƙi magana tana iya tasowa. Ka zauna da sauran magada, a yi mata kuɗi yadda take a yanzu, ka biya ko a sa ta cikin rabonka, a rubuta a gaban shaidu. Sannan ka nemo takardunta, ka gwada lambar shasi da lambar inji da ke jikin motar da waɗanda ke rubuce. In sun dace, mayar da ita sunanka a ofishin lasin ba zai yi wuya ba. Duk ranar da ka canza mata launi ko inji kuma, dole takardu su nuna haka, in ba haka ba za ka sha tsayawa a kowane shinge.

Sai ka san abin da ke hannunka. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, wagon ɗin kuma ya biyo baya a farkon shekarun 1970. Masana'antar Peugeot ta Najeriya, wato PAN, da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, sama da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983. Shi ya sa kayanta ba su ƙare a kasuwanninmu ba, kuma har yau akwai dattawan kanikawa da suka tashi a kanta. Wagon iri biyu ce: mai layi biyu na kujeru da shimfiɗaɗɗen but, da mai layi uku da ke ɗaukar mutum bakwai, wadda direbobin tasha suka yi ta zirga-zirga da ita tsakanin Kano da Kaduna, ko Katsina da Maraɗi.

Daga hancinta zuwa ƙofar direba, wagon da salun da a-kori-kura kusan abu ɗaya ne. Daga nan baya komai ya bambanta. Tazarar ƙafar gaba da ta baya mita 2.90 ce a wagon, 2.74 a salun, tsawonta kuma ya kai wajen mita 4.8. Aksul ɗinta na baya guda ne miƙaƙƙe, a kan sifirin huɗu, biyu kowane gefe, da birkin durom. Amfanin sanin wannan yana wajen neman kaya. Banet, fitilun gaba, lagireto, kayan inji da na ƙafar gaba za ka same su cikin sauƙi. Ƙofofin baya, ƙofar but, gilasan gefe na baya, gilashin but da fitilun baya na wagon ne ita kaɗai, kuma su ne suka yi wuya. Ranar da za a fara kwance motar, waɗannan ka kai su gida da kanka ka ajiye a ɗaki, domin in ɗaya ya fashe a hannun yaron shago za ka yi wata da watanni kana nema.

Yanzu bodi. Wagon ɗin 504 ba ta da shasi daban irin na babbar mota wanda ake ɗora gida a kai. Bodin nan shi ne yake riƙe inji da ƙafafu da komai, saboda haka in ya ruɓe, duk abin da ka ɗaura masa a banza ne. Sa a tura ta kan rami, ko a ɗaga ta a kan ƙarafan tsayawa masu ƙarfi. Kar ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai ko kan bulo. Ka riƙe tocila da sukurudireba da ɗan maganaɗisu. Cire kujeru da kafet gaba ɗaya. Ka bi ƙasan da direba da na gefensa ke taka ƙafa kana dannawa da kan sukurudireba, ka duba mazaunin batir da ƙasansa, dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, wuraren da ake kafa jak, kan shok ɗin gaba a cikin ɗakin inji, kewayen gilashin gaba da leɓen ƙofar but. Ƙarfe mai rai ƙara yake yi in ka buga. Wanda tsatsa ta ci yana lotsawa, wani lokaci sukurudireba ta wuce ta ɗaya gefen. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa a jikin ƙofa ko gefe, foti ne, wato ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi, aka cika wurin da shi.

Busasshen yanayin Arewa ya taimake ka, motar da ta zauna a Zariya ba za ta ruɓe kamar wadda ta zauna a Legas ko Fatakwal ba. Amma darbejiyar nan abin dubawa ce. Ganye da 'ya'yanta suna taruwa a ramin da ke gindin gilashin gaba, su toshe hanyar da ruwa ke bi ya fita, damina goma ruwa yana kwanciya a wurin yana tsiyaya cikin mota ta robobin da rana ta busar. An taɓa kawo mana wata wagon gareji da sabon fenti mai kyau, mai ita yana ƙorafin ƙofar baya ba ta rufuwa sai an ɗaga ta. Da muka ɗaga kafet muna ganin ƙasa ta ramin da ke ƙarƙashin kujera, ƙarfen ƙasan ƙofa kuma ya rabu biyu. Dole aka sa wuta a fentin da bai yi wata uku ba. Don haka ka lura da bakin ƙofofi: in tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi ta fi faɗi a sama ta tsuke a ƙasa, ko ka ga tsaga a kusa da mazaunin sifirin na baya, motar ta sha lodi kuma bodin ya fara sakin jiki.

Gyaran tsatsa hanya ɗaya gare shi. A yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga ƙarfe mai haske, a yanko sabon falle mai kauri daidai da na asali, a yi walda baki da baki. Kar ka yarda a ɗora faci a kan tsatsa, domin tana ci gaba da ci a ƙarƙashinsa. Wutar kabaid da yawancin fanalbitocinmu ke aiki da ita tana zafafa falle sosai har ya murɗe, sai kuma a rufe murɗewar da foti. In akwai mai injin waldar MIG, waldar lantarki mai siririyar waya wadda ba ta zafafa falle sosai, a kusa, shi ya fi. Kafin a kunna wuta a cire tankin mai da batir a kai su nesa. Bayan walda a shafa maganin tsatsa ciki da waje, a fesa mai kauri a cikin ƙarafan da suke da rami. In kuwa ka tarar ƙasa da ƙarafan ƙofofi da kan shok duk sun tafi, ka nemi wata wagon mai lafiyayyen bodi ka mayar da kayan Baba a kanta, ka gyara takardu yadda doka ta ce.

Injin da ya yi shekara goma bai juya ba ba a sa masa batir a murɗa makulli. Cire fulogi huɗun (suna can cikin dogayen bututu da suka ratsa murfin inji, sai da doguwar sifanar fulogi), ka zuba ɗan bakin mai a kowace silinda, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sannan a kama notin karanshaf da sifana a juya da hannu, a hankali. In ya zagaya sumul, alhamdu lillahi. A zubar da tsohon bakin mai, a sa sabo 20W-50 da sabuwar filta. A sauke tanki a wanke, domin tsohon fetur yana zama danƙo mai wari ya toshe bututu da famfon mai da kafireta. A canza duk tiyon mai na roba ba tare da ciniki ba, su ne suke jawo gobara. Daga nan a juya injin da kik, fulogi a cire, har fitilar bakin mai ta mutu, kana a mayar da fulogi a tayar. In ya ɗumama a auna matsin kowace silinda. In huɗun sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi goma cikin ɗari ba, ba ya hayaƙi mai shuɗi, ba ya ƙwanƙwasa, to kar a buɗe shi.

Akasarin wagon ɗin Kaduna suna da injin fetur mai lita 2, wanda ake kira XN1, mai cc 1971 da ƙarfin doki casa'in da 'yan kai. A kishingiɗe yake gefe ɗaya, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, top silinda kuma alminiyom. Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne silindarsa silib ce da ake zarewa, ruwan sanyaya inji yana zagaya ta kai tsaye. In ta cinye ba sai an kai gangar inji wurin masu huda ba, sabon saitin silib da fistin da ringi za ka saya a zura, injin ya koma sabo. Amma a nan ne kuma wanda bai san Peugeot ba yake ɓata aiki. Kowace silib tana zaune ne a kan siririn zobe a gindinta, wanda ke hana ruwa gangarawa cikin bakin mai. Da zarar an ɗaga top silinda, babu abin da ke danne su. In wani ya juya karanshaf a wannan hali, fistin zai ja silib sama, zoben ya saki, a mayar da komai a ɗaure, bayan kwana biyu ka zaro ma'aunin bakin mai ka ga ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Wanda ya san aikin, da ya ɗaga top zai danne silib ɗin da ƙarfe da noti kafin ya taɓa komai. Zobunan nan kuma kauri-kauri ne, ana zaɓar wanda zai sa kan silib ya ɗan ɗara fuskar gangar inji da gwargwadon da littafin motar ya faɗa, kuma da agogon awo ake aunawa, yatsa ba ya jin wannan bambanci. Ka tambayi bakaniken da za ka ba aikin yadda yake yin wannan. Amsarsa za ta nuna maka ko shi ne.

Sauran saitin ba wuya. Ana saita bawul inji a sanyaye, milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Bakin kwantak 0.40. Wuta tana bin 1-3-4-2, kuma Peugeot daga wajen giya take fara ƙirga silinda ta ɗaya. Kafireta a kwance ta gaba ɗaya a wanke, a sa sabbin gaskit da allura, a daina toshe jet da waya wai don rage shan mai. In tukunyar da ke tace iskar da inji ke shaƙa mai bakin mai a ciki ce, ka bar ta. A ƙurar hunturu ta fi ta takarda amfani, wanke ta kawai ake yi a canza man. Giyarta mai huɗu, BA7, bakin man inji take sha kamar yadda Peugeot ta tsara, aksul ɗin baya ne ke shan man giya mai kauri, 80W-90.

Maganar injin Toyota kuwa, na san dalilin masu ba da shawarar: ba ya shan mai sosai, kayansa suna ko'ina. Abin da ba sa faɗa maka shi ne yadda bayan wagon ɗin yake a ɗaure. Furofelar 504 ba a fili take juyawa ba, a cikin wani ƙaton bututun ƙarfe take, wanda ya kama aksul ta baya, ya kama wutsiyar giya ta gaba a kan wata ƙwallo. Wannan bututu shi ke riƙe aksul a mazauninsa, shi ke hana shi murɗewa in ka taka totur ko birki, kuma ta cikinsa ƙafafun baya ke tura motar gaba. Sifirin huɗun nan nauyi kawai suke ɗauka. In ka sa inji da giyar wata mota, bututun ba shi da inda zai kama. Sai a yanke shi, mai walda ya ƙirƙiro hannuwan da za su riƙe aksul da ido da ƙiyasi. Na ga irin waɗannan motoci, suna tafiya, amma bayansu yana lilo a kwana, suna cin taya, kuma laushin tafiyar da aka san 504 da shi a kan hanya mai gargada ya tafi. In kuma aka bar giyar Peugeot aka ƙera farantin haɗa ta da baƙon inji, kuskuren rabin milimita a tsakiya ya isa ya riƙa cinye kuloci da boris. Ga kuma waya da kwamfutar inji da famfon mai mai matsi da za a cusa wa motar da ba a yi ta da su ba.

Kai ba haya za ka yi ba. Motar da za ta fita ranar Juma'a da ranakun biki da tafiyar gida lokaci-lokaci, abin da za ka rage na fetur ba zai mayar maka da kuɗin wannan tiyata ba, kuma ranar da ka so sayarwa, masu neman 504 da gaske mai injinta suke nema. In XN1 ɗin ya mutu murus, gangarsa ta tsage, ka nemi wani irinsa, ko na 505 mai kafireta, wanda dangi ɗaya ne kuma yana zama ba tare da yanke-yanke ba.

Abin da ke kashe wannan inji zafi ne, saboda haka ka kashe kuɗi a kan ruwa. A kai lagireto a buɗe shi a zuge bututunsa ɗaya bayan ɗaya, ko a sa masa sabon ciki. Sabon famfon ruwa, sabbin tiyo, sabon fanbel, sabon murfin lagireto. Za ka iya tarar da an cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, tun da daɗewa, al'adar garejinmu ce. Ka mayar da ita. Cire ta ba ya maganin zafin da toshewar lagireto ta kawo, sai dai ya sa injin ya daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, yana shan mai yana cin silinda. Wasu 504 suna zuwa da fanka mai maganaɗisun lantarki da ke kamawa in ruwa ya yi zafi ya saki in ya huce. In taka irin wannan ce a tabbatar tana kamawa. Kuma ka daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla. Gishirin da ke ciki yana cin alminiyom ɗin top silinda daga ciki har ya huda. Ruwan lagireto na gwangwani mai maganin tsatsa za ka riƙa sawa.

Birki ba a yi masa kwaskwarima. Bayan shekara goma, man birki ya sha danshi, robobi sun bushe, fistin sun kafe. A canza robobin masta ko ita kanta, a kwance kalifa na gaba, a sa sabbin silindar ƙafa na baya da takalman birki, a canza tiyon roba duka, a bi bututun ƙarfe a ga ko tsatsa ta ci, a zuba sabon DOT 4. A baya akwai wani ɗan bawul da ke jin nauyin da motar ta ɗauka, yana ƙara wa ƙafafun baya birki in an yi lodi, yana ragewa in ba kaya. Sau da yawa za ka same shi a kafe ko an kewaye shi da bututu. A gyara shi, domin wagon marar kaya da bayanta ke kullewa kafin gaba juyawa take yi a kan titi mai ruwa. Saboda wannan bawul ɗin ne ma ba na son a yanke sifirin don motar ta yi ƙasa, ko a cusa ƙarin ƙarfe don ta yi sama. A mayar da ita tsayinta na asali, da sabbin shok da bushin da ƙwallayen ƙafa da na sitiyari. Tayoyin da ke jikinta ko zanensu bai goge ba sun mutu. In za ka sayi sabbi ka karanta lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Waya tana hannun ɓera da tsofaffin gyare-gyare. Ka samu rewaya mai haƙuri ya bi ta layi-layi, ya cire duk inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da leda, ya mayar da kowane fiyus daidai ƙarfinsa, ya goge wuraren da waya ke kama bodi. Rabin matsalar wutar 504 daga nan take.

Kaya kuwa, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano sun fi kusa da kai, in abu ya gagara sai Ladipo a Legas ko Nnewi.  Ka tafi da tsohon a hannu ka gwada. A kayan ƙarfe kamar kafireta, distiributa, makullan ƙofa da fitilu, tsohon na asali da aka gyara ya fi sabon jabu. A kayan roba da gaskit da birki, sabo mai suna za ka saya. In ka ji labarin wata matacciyar wagon da 'yan gwangwan za su sare, ka riga su, ko don gilasai da ƙofofi.

Akwai sauye-sauyen da nake goyon baya, kuma duk ana iya kwance su a mayar da motar yadda take. Na farko distiributa marar kwantak, irin ta 505 ta baya-baya. Tashi da safe zai yi sauƙi, ka huta da saita kwantak. Sai rile, ɗan makunnin lantarki da ke ɗauke nauyin wuta, a layin manyan fitilu, haske ya ƙaru, makunnin ya daina zafi. Sai bel ɗin kujera ga kowa har na baya, a ɗaure a ƙarfe mai ƙarfi da faranti a bayansa. Giya mai biyar ta 505 tana sa injin ya huta a doguwar hanya, sai dai tsawonta ya bambanta da na mai huɗu, dole a zo da furofela da bututun da suka dace da ita, a auna kafin a biya. AC yana yiwuwa, PAN da kanta ta fitar da 504 masu AC, don haka mazaunin kwamfiresa na asali yana nan a kasuwa, shi za ka nema maimakon na walda. Ka sa kwamfiresa ta zamani mai gas R134a, da fankar lantarki a gaban kwandensa, da altaneta mai ƙarfi. Cikin wagon yana da faɗi da gilasai da yawa, sanyin ba zai kai layi na uku kamar gaba ba. Kar a sa AC sai motar ta yi tafiyar rana a watan Afrilu allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba.

Manyan rim ba na ba ka shawara. Ƙafar 504 inci 14 ce, da noti huɗu a kan da'irar milimita 140, awon da motoci kaɗan ne suke da shi, don haka rim ɗin Honda ko Toyota ba ya shiga sai an sake huda ko an sa faranti a tsakani, kuma duka biyun kasada ce da rai. In kana son na alminiyom ka nemi na 505, awonsu ɗaya. Ka dai kauce wa waɗanda ake kira TRX, domin tayarsu ta daban ce, samunta a nan wahala ne. Taya mai kaurin gefe tana cikin abin da ke shanye ramukan hanyarmu. Siririya a kan babban rim za ta mayar da kowane rami cikin bodin da ka gama gyarawa.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa suna tambayar CNG, wato iskar gas da ake matsawa a tukunya mota ta riƙa sha maimakon fetur, kuma but ɗin wagon yana ɗaukar tukunyar ba matsi. Ka jinkirta shi har motar ta daidaita a kan fetur. In za ka yi, a cibiyar da hukuma ta amince da ita, da tukunyar da aka ƙera don wannan aiki, domin matsin da ke cikinta ya kai "bar" 200, wato kusan ninki ɗari biyu na matsin iskar da muke shaƙa. Tukunyar girki ko ta walda ba ta da wuri a mota. Ƙarfi zai ɗan ragu, bawul kuma zai buƙaci saiti akai-akai.

Sai an gama duk wannan, motar ta yi 'yan makonni tana yawo da facin walda a jikinta, kana a zo fenti. A cire gilasai da robobi da hannuwan ƙofa, a kankare har ƙarfe inda ya kamata, a fara da firaima mai hana tsatsa, foti ya zama shafe ne kawai na daidaita fuska. A fesa a rufaffen ɗaki, musamman in aikin ya faɗo cikin hunturu. Launinta na asali yana nan a ƙarƙashin kafet ko cikin ƙofa inda rana ba ta taɓa ba, a haɗa da shi; ka ga ba sai ka taɓa takardu ba. Kushin da rufin ciki aikin mako guda ne a wurin mai ɗinkin kujerun mota, a bi zanen ɗinkin asali, a sa sabbin robobin ƙofa da na gilashi.

Game da masu aiki, ka raba aikin gida-gida, ka biya kowane bayan ka gani da idonka. Kar ka ba da kuɗin aiki duka a farko, kuma kar motar ta zauna a gareji tana jiran ka tara kuɗi, a nan ne ake zare wa mota kaya a gyara ta wani. In kuɗi ya yanke, jawo ta gida ka rufe. Ka ɗauki hoton komai da wayarka kafin a kwance, noti da ƙananan kaya a zuba a leda a rubuta sunan wurinsu. Duk abin da ka ƙiyasta za ka kashe, ka ware kashi ɗaya cikin uku a gefe don abin da zai bayyana bayan an buɗe.

Ranar fitar farko ka zaɓi safiya da hanya marar cunkoso, bakanike yana gefenka, da abin kashe gobara da galan na ruwa a mota. Ka gwada birki a hankali tun kafin ka bar unguwa, ka tsaya bayan kilomita kaɗan ka taɓa kowane rim ka ji ko wani ya fi sauran zafi, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. In an sa sabbin silib da ringi, kar ka matsa wa injin kuma kar ka bar shi yana ja da babbar giya a hawa. Bayan kamar kilomita 1,000 a zubar da bakin mai da filta, a bar injin ya kwana ya huce, a sake ɗaure notocin top silinda da sifanar awo bisa jerinsu, a sake saita bawul. Bayan wannan za ka iya kama hanyar Kano da iyali.